Faci a Bakin Kogin Eden

Na tashi aikin dare da warin asibiti a hannuna,
na bar Appleby tana barci, labulenta a sauke.
Sarƙa na ta ƙus-ƙus da haƙoran giya
kamar tsofaffi biyu masu gulmar da ba ta ƙarewa.

Hanyar siririya ce, mota biyu ba sa gifta juna,
ciyawa ta tsaga tsakiyarta kamar tsagar kitso.
Dama katangar dutse, hagu katangar dutse,
ba siminti, ba laka,
dutse ne ya yarda da dutse suka tsaya.
Tumaki masu shuɗin fenti a gadon baya
suka ɗago, suka dube ni,
suka koma ga abin da ya dame su.

Kogin yana can ƙasa yana bina a sace.
In na hau tudu ya ɓuya,
in na gangaro ya fito yana juya hasken safe
kamar mai ƙirga tsaba a tafin hannu.

A hawan Bolton cinyoyina suka fara ƙorafi.
Na sauke giya, na miƙe kan feda,
ina ƙirga numfashi yadda nake yi a bakin gado:
sha takwas, sha tara, ashirin.
Daren jiya na ƙirga wa wata tsohuwa
har ƙirgar ta ƙare a hannuna.
Ban gaya wa kowa ba sai wannan tudun.

Gangare kuwa ba ya tambaya.
Iska ta cika mini riga, ta share abin da ke idona,
na saki birki, na saki kafaɗa,
sai fuuu,
tayar baya ta saki nata numfashin.
An yi wa shinge aski, ƙaya ta zube a kwalta.

Na tura keke zuwa wata ƙofar gona.
Kare ya yi haushi sau biyu don sauke nauyi.
Wani dattijo ya fito, takalmin roba har gwiwa,
ya ce sunansa Wilf Bellas,
ya dubi tayar, bai ce sannu ba,
ya koma ciki ya dawo da daro cike da ruwa.

Na nutsa tub, ina murza shi a hankali,
har ƙananan kumfa suka jero suna tona asiri.
Nan take na ga Bakori,
inuwar darbejiya a bakin tasha,
Baba a tsugune, daronsa baƙi ƙirin,
ni ina riƙe masa almakashi da gwangwanin sholisho.
Ya kan ce, Barira, bar shi ya sha iska,
faci ba ya kama hannun mai gaggawa.

Na kankare, na shafa, na jira.
Dattijon ma ya jira, hannu a aljihu.
Can ya nuna rumfar ciyawa da haɓa:
wani koren keke rataye a ƙusa, kwando a gaba,
yanar gizo ta ɗinke ƙafafunsa.
Na Maureen ne, in ji shi. Ita ke faci a gidan nan.
Ban tambayi ina take ba.
Aikina ya koya mini jin irin wannan shirun.

Na manna, na danna da babban yatsa.
Shi ya buga famfo, ni na taɓa taya na ce ya isa.
Ya ce in bi ta gada, ƙaya ba ta kai can ba.

Rana ta hau, raɓa ta sauka daga ciyawa.
Kararrawar coci na bugawa a ƙetaren ruwa,
wata tarakta ta raɓe ta ba ni hanya.
Baƙin mai ya shige ƙarƙashin farcena,
ya kori warin asibiti.
Mil tara ya rage zuwa gado,
ina sauraron tayar baya a kowane rami.
Facin ya riƙe, Baba.
Har yanzu dai ya riƙe.